Ranar da Anka Auna Tafiyar Zinatu

SHAFI NA 17

Na ji saƙonninku. Ladi ɗiyata, mai danna mani wayar nan ina faɗi tana rubutawa, ta karanta mani su kaf. Masu cewa na daɗe ban sako ba, ba barci nike ba. Shi kuma wanda ya ce Maiturare ya cika yabon kai, ɗana, ramin haƙar zinare ya rufta da ni a Bagega na yi kwana biyu ƙarƙashin ƙasa. Shekarar gubar dalma mutum huɗu na raka kabari daga gidana. Ɓarayin daji sau uku suna tashinmu. In ka tsallake ko ɗaya cikin waɗanga, zo ka zauna kusa gare ni mu yabi kai tare.

Mu koma ga jikata.

Zinatu shekarunta bakwai. Ubanta Hamza, ɗana, ya rasu tana goye. Tun zazzaɓin da ya sa ta jijjiga tana shekara biyu, diddigenta bai sake son ƙasa ba. Bisa yatsu take tafiya, gwiwa na gogar gwiwa, hannuwa a ware awa mai tsallaka gulbi bisa itace. Kun tuna anka aiko cewa masu duba tafiyar yara za su zo asibiti a Anka, za su zaɓi yara goma sha biyu a kai su Gusau a yi masu takalmin nan mai riƙe ƙafa.

Zaɓe. Kalmar da na riƙe ke nan.

Ni na san zaɓe. An zaɓe ni a kokawa, an zaɓe ni a rami, an zaɓe ni a tsaron gari. Ban taɓa ganin inda anka tara mutane anka ɗauki wanda ya fi kowa lalacewa ba. Ko rago ka je saye, mai tsayuwa kake ɗauka. Na ce a raina, waɗanga mutane ba za su ɓata takalminsu ga yaron da babu alamar zai miƙe ba.

Saboda haka sati uku na yi ina shirya ta. Kowace safiya ruwan ɗumi da tsumma bisa sha-raɓa, in shafa man kaɗe, in lanƙwasa ƙafar har ta saki. Sannan in tsaya da sandata in buga ƙasa. Bugu ɗaya, diddige ɗaya. Ranar farko taku uku ta yi. Sati na uku ta cika ashirin ba ta ɗaga ba. Wane likita ya taɓa yin wannan cikin sati uku?

Cikin saƙon an ce a zo da tsohon takalmin yaro. Na ce wannan kuma raini ne, so suke su ga talaucinmu. Na sai mata sabo ja, tsohon na wurga shi bayan danga.

Munka iso Anka da hantsi. Na sa uwarta Sahura ta goya ta daga kan babur har cikin asibiti, don kada ta ɓata ƙarfinta kafin a fara.

Yara sun fi arba'in a baranda. Wasu a goye, wasu na rarrafe, wasu na riƙe da bango. Can gefe na hangi Tanko, maƙwabcinmu tun muna Dareta, ya kawo jikanshi Anwar. Ni da Tanko shekara hamsin muna gasa, tun daga filin kokawa har rami, bai taɓa cin nasara ba ko da yake shi ba haka yake ba da labarin ba. Ya dubi jan takalmin Zinatu ya tambaye ni ko biki munka zo. Na ce mashi ya jira ya ga yadda ake kawo yaro gaban likita.

Mai dubawar mace ce, Malama Angela, likitar gashin ƙafa, mutuniyar kudancin Kaduna. Hausa a bakinta tas. Ta shimfiɗa wata baƙar roba doguwa bisa siminti, ta aje faranti cike da farar hoda a bakinta, ta kafa waya bisa wani ƙarfe mai ƙafa uku. Yaro zai taka hoda, ya bi robar har ƙarshe ya dawo, waya na ɗaukarshi ta gefe, ta gaba, ta baya. Sawun da ya bari bisa baƙin shi take dubawa, ta auna da tef. Daga nan ta ba da kati. Wasu ja, su shiga ɗaki a kwantar da su bisa gado a ƙara duba su. Wasu kore.

Da anka kira mu, abin da ta fara cewa a cire takalmi. Sabon takalmi, ko kallonshi ba ta yi ba. Ta tambayi tsohon, na ce ya ɓace. Ta sa Sahura ta naɗe rigar yarinya zuwa bisa gwiwa, ta manna mata wasu 'yan takardu masu ɗanko a idon sawu da gwiwa da ƙugu. Ta ce mata ta yi tafiyarta yadda ta saba, kamar an aike ta ɗebo ruwa.

Ni kuwa na matsa jikin ginshiƙi na tsaya. Na sauke bakin sanda bisa siminti, a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji.

Bugu ɗaya, diddige ɗaya.

Jama'a, da kun ga sawun nan. Tafin ƙafa cikakke, fari fes, daga diddige har yatsa, ashirin cif. Goma tafiya, goma dawowa. Angela ta durƙusa ta auna tsakaninsu, ta kalli wayarta, ta ce ba laifi, yarinyar na da ƙoƙari. Ta miƙo kati kore.

Na ɗaga katin sama na bi ta gaban Tanko. Jikanshi sau biyu ya faɗi bisa robar, an ba su ja. Na ce mashi ya yi haƙuri, ba kowane gida ke fitar da gwani ba.

Tanko ya kalli katin, ya kalle ni, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Kore na komawa gida ne, Maiturare. Ja ke shiga mota."

Na ce ƙarya yake, hassada ce irin tashi ta kullum. Amma Sahura ta riga ta tafi wurin matar da ke tsaron ƙofa ta tambaya. Matar ta gaya mata kore yana nufin yaro bai kai ga buƙatar takalmi ba, a riƙa miƙar da ƙafa a gida, a dawo bayan wata shida.

Ku da ba ku san Sahura ba, shekara tara tana gidana ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli fuskata ba. In zan wuce sai ta durƙusa. Muryarta sai dai in ji ta bayan zana. Wagga yarinya ita ta zo gabana ranar nan ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka gafarce ni." Ba ta jira amsa ba. Ta miƙe, ta kwance bakin zanenta, sai ga tsohon takalmin nan da na wurga bayan danga. Ta wuce ta gabana, ta keta layi, ta aje shi bisa teburin likita.

Na ce mata ta dawo nan. Ba ta juyo ba.

Angela ta ɗauki takalmin ta kifa shi. Ni ban taɓa duba ƙasanshi ba. Gaban ya cinye har ya huje, kana ganin haske ta ciki. Diddigen kuwa ko zanen kamfani bai goge ba, awa jiya anka fito da shi daga leda.

Ta tambayi ko na wannan yarinyar ne. Sahura ta ce nata ne, shekara guda tana sa shi.

"Takalmin nan bai taɓa sanin diddige ba," in ji Angela. "To wa na gani yanzu a kan robata?"

Sai Sahura ta buɗe baki, gaban maza da mata, gaban Tanko. Ta faɗi ruwan ɗumi, ta faɗi man kaɗe, ta faɗi sati uku. Ta ce taku ashirin ɗin nan su kaɗai yarinyar ke da su a duniya, in ta gama su sai ta kwanta rabin yini. Ta ce daga ɗaki zuwa bakin randa sau biyu take faɗuwa. Ta ce makaranta an daina kai ta don yara na kwaikwayonta. Ta ce, "Ni na haife ta, ni ke ɗaga ta in ta faɗi. Wagga tafiya da kika gani ta baƙi ce."

Angela ta koma ga waya, ta sake kunna hoton, ta ƙara murya. Sai ga shi yana fitowa daga cikin wayar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowane bugu da saukar diddige.

Ta kalli sandata. Sannan ta kalle ni.

Ban ɓoye ba, Maiturare ba ya ɓuya. Na ce i, ni ne, kuma aikin da na yi ya kamata a gode mani. Na ce sun ce zaɓe, na kawo masu wadda ta fi kowa, mi kuma suke so? Na ce da sun aiko da magana a fili cewa wanda ya fi faɗuwa suke biɗa, da ban ɓata sati uku ba. Wane irin aiki ne wannan da mai ƙoƙari ke komawa gida, mai faɗuwa ya hau mota?

Ta bar ni na gama. Sannan ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ɓata mani rai ke nan. Ta ce nan ba filin gasa ba ne. Ta ce aikinta ta ga abin da ƙafa ke yi in ba kowa na kallo, don takalmin a kan wannan ake ƙera shi. Ta ce jijiyar bayan ƙafar yaro ba ta jiran kowa, ƙashi na tsawo ita tana nan yadda take, wata shida a ƙafar 'yar shekara bakwai ba ƙaramin abu ba ne. Akwai lokacin da takalmi ke gyarawa, akwai lokacin da ya wuce sai wuƙa.

Sahura ta ce to ga takalmi ta gani, a canza katin.

Angela ta girgiza kai. Ta ce likitocin Gusau ba takalmi za su kalla ba, hoton tafiya za su kalla, kuma hoton da ke cikin wayarta na yarinya ce mai taka ƙasa lafiya lau. In ta aika shi da jan kati, za su ce ta cinye wurin wani. Ta ce sha ɗaya sun cika, wuri ɗaya ya rage, ga yara bakwai ba a duba ba. Motarsu kuma ƙarfe biyu take tashi, kowa ya san hanyar nan ba a bin ta in rana ta karkata.

"Zan ba ta tafiya ɗaya," ta ce. "Ba sanda. Baba, ka koma bayan bangon can inda ba za ta gan ka ba."

Ni da anka taɓa kira in raba rikicin rami tsakanin ƙauye biyu, yau anka tura ni bayan bango awa akuyar da ta ci shanya. Na tafi. Akwai wata 'yar kafa a jikin bulo, ta nan na sa ido.

Anka goge robar, anka sake sa mata hoda. Ba sanda, ba ni. Na ce to yanzu za ta saki jiki su ga abin da suke so mu huta.

Ina. Yarinyar nan ta haɗe baki tana ƙirgawa da leɓe. Ɗaya, diddige. Biyu, diddige. Jikinta na rawa, gumi na bin wuyanta, amma ta danne. Ashirin cif. Raina ya kasu biyu a bayan bangon nan. Rabi na cewa wannan jinina ce, rabi na cewa ke 'yar nan ki faɗi mana, sau ɗaya tak ki faɗi.

Angela ta ce ta ƙara zagaye ɗaya, don ta san daga ashirin dabarar ta ƙare. Zinatu ma ta sani. Sai ta zauna daɓas bisa robar ta naɗe ƙafafu. Uwarta ta lallashe ta, ta yi mata alkawarin alewa, ta yi mata tsawa. Ko motsi. Angela ta zauna ƙasa kusa da ita ta tambaye ta mi ya hana ta tashi.

Muryarta ƙarama ce amma na ji ta ta cikin kafar bulo.

"Tsoho ya ce tafiyar gida ta gida ce. Wanda ya yi ta gaban mutane ba ɗan gidanmu ba ne."

Na faɗa. Ba zan ce ban faɗa ba. Amma ni don ta dage na faɗa, ban ce ta ɗauke shi awa karatun allo ba.

Direba ya leƙo ya nuna agogo. Uwayen yaran da sunka rage sunka fara gunaguni, wata ta ce yaran wasu ma mutane ne. Angela ta ce a matsar da ita gefen robar a kawo na gaba. Ta duba yaro ɗaya, ta duba biyu, kore, kore. Na uku tana cikin sa mashi hoda ta miƙa wa mai tsaron ƙofa farantin, ta zagayo bayan bango inda nike.

Na ɗauka faɗa ta zo yi, na gyara tsayuwa.

Ba fuskata ta kalla ba. Ƙasa ta kalla, wajen bakin rigata.

"Baba, shekara nawa kana jan ta hagun?"

Na ce ban san abin da take faɗi ba.

Ta ce tun saukowata daga babur take kallona, aikinta ke nan, ko a kasuwa ba ta iya daina kallon ƙafafun mutane. Ta ce ina ɗaga gwiwar hagu sama fiye da ta dama don yatsu kada su kama ƙasa. Ta ce sandar ba ta ado ba ce, tare da ƙafar hagu take sauka don ta rufe ƙarar faɗuwarta. Ta ce telana ya sha aiki, don ba ta taɓa ganin mai hawan babur da riga har tana sharar ƙasa ba.

To, tunda Ladi ta riga ta rubuta, bari ku ji daga bakina.

Shekara goma sha biyar. Tun shekarar dalma. Muna niƙa dutsen zinare cikin gida, yara na mutuwa, ni kuma wata safiya na tashi ƙafar hagu ta ƙi ɗagowa daga idon sawu. Ta yi laƙwas awa tsumma. Ban gaya wa kowa ba sai uwar su Ladi, ita kuma ta tafi da maganar kabari. Masallaci ni ke fara zuwa, ni ke ƙarshen fita. Jana'iza a baya nike tafiya. Gari duka na cewa Maiturare tafiyar ƙasaita gare shi, ba ya gaggawa. Ku faɗa mani namijin da zai riƙe abu irin wannan shekara goma sha biyar ko ɗiyanshi ba su sani ba.

Na tambaye ta mi ruwan wannan da Zinatu.

Ta ce yarinyar ba ta jin uwarta, ba ta jin likita, ni take ji. Kuma baki ba zai warware abin da na ƙulla sati uku ba, don yaro ya san lokacin da babba ke faɗin abu don a rabu da shi. Ta ce sai dai ta gani da idonta.

"Ka ajiye sandar, ka ɗage rigar, ka taka robar nan. Minti goma ya rage mani, Baba."

Na ce gaban Tanko?

Ta ce ita ba ta san Tanko ba, Zinatu ta sani. Ta juya ta koma ga aikinta.

Na tsaya bayan bangon nan ina zufa. A rami ƙasa ta danne ni har ƙirji ban yi zufa haka ba. Ina jin ana kiran yaro na shida. Ina jin direba ya tayar da mota. Na leƙa ta kafa, Sahura na zaune ƙasa ta rungume tsohon takalmi. Da ma zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Na jingine sanda jikin bango na fito.

Na cire takalmi. Na tattare babbar riga na ɗaure ta a ƙugu awa mai shiga kokawa. Na taka hoda. Mata sunka fara ja da baya suna rufe baki, wani ya ce ko tsohon ya zautu ne.

Na ce, "Hajiya Zinatu, matsa mani. Yau tafiyar gida ta fito kasuwa."

Na ɗaga dama na aje. Na ce wa hagu ta biyo. Ba tare da sanda ba, ba tare da dabarar gwiwa ba, na bar ta ta yi abin da take so. Yatsu sunka kama roba, sunka ja, ƙafar ta faɗi faf. Dama, faf. Dama, faf. Robar nan da ido ba ta da tsawo, amma ranar nan ta fi hanyar Anka zuwa Gummi. Da na kai ƙarshe na juyo, ga sawuna bisa baƙi. Gefe ɗaya tafin ƙafar namiji. Gefe ɗaya wani dogon layi mai karkace-karkace.

Ba wanda ya yi dariya. Na dubi Tanko ido cikin ido, na ce mashi ya faɗi abin da zai faɗa, yau ranarshi ce.

Ya sosa gemu. "Ai mun sani tun shekarar, Maiturare. Gari duka ya sani. Kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba."

Shekara goma sha biyar ina biyan tela ƙarin yadi.

Kafin in rama mashi, Zinatu ta kece da dariya. Tana zaune gefen robar tana nuna layin da yatsa, ta ce sawun Tsoho awa an ja akuya zuwa mahauta. Na ce mata ita da ke da bakin magana ta tashi mu ga nata, in ya fi nawa muni na ba ta sandata kyauta.

Ta kalle ni da kyau, irin kallon mai son ya tabbatar. Na ce mata ta gida nike so, wadda take yi in an aike ta ɗebo ruwa.

Ta miƙe. Angela ta riga ta goge rabin robar ta danna waya.

Diddige ya tashi sama. Hannuwa sunka buɗe. Gwiwa ta sami gwiwa. Sawun da ke fita bisa baƙin nan yatsu ne kawai, 'yan ɗigo-ɗigo awa kaza ta bi ta cikin gari. Sahura ta ce alhamdu lillahi a hankali, uwa na godiya don 'yarta ta yi tafiya mummuna, kun ji inda likitocin zamani sunka kai mu.

Amma akwai wani abu. Duk taku in ta aza ƙafar dama, sai jikin ya zube gefe, kafaɗa ta sauka, ta yi sauri ta ɗauke ƙafar awa ta taka garwashi. Taku na tara ta faɗi.

Na yunƙura, Angela ta ɗaga mani hannu. Fuskarta ta canza. Ta ɗauki yarinyar da kanta ta kwantar bisa benci, ta lanƙwasa gwiwoyin biyu ta jera su. Ta dama ta fi ta hagu ƙasa, ko ni da ban yi boko ba na gani. Ta kama su za ta buɗe a hankali. Ta hagu ta buɗe. Ta dama ko taɓa ta ba ta gama yi ba Zinatu ta ja numfashi ta cije hannunta.

Angela ta ce a miƙo mata tsohon takalmin. Ta kifa su biyun ta jera. Ta nuna wa Sahura, hagu da dama cinyewarsu ɗaya, ba wanda ya fi wani. Ta ce yarinyar da ta yi shekara cikin takalmin nan ƙafafunta biyu aiki ɗaya suke yi. Wannan zubewar ta gefe ba ta cikin takalmin. Sabuwa ce.

Ta tambayi Sahura ko yarinyar ta yi wata faɗuwa mai tsanani kwanan nan. Sahura ta ce faɗuwa kullum ce, amma ba ta san wata ta daban ba. Ta ce dai ta lura kwana goma ke nan ba ta kwanciya ta gefen dama, ta ɗauka gajiyar horon Baba ce.

Direba ya danna oda sau biyu. Uwar yaro na ƙarshe ta matso da ɗanta bakin hoda ta tsaya.

Angela ta ɗauki jan kati da biro, ta riƙe, ba ta rubuta ba. Ta ce in ƙugun nan ya daɗe yana zamewa a hankali, wuri na sha biyu na Zinatu ne, a can za a duba shi tare da takalmi. In kuwa wani abu ne ya same shi cikin 'yan kwanakin nan, to magana ta bar takalmi, kuma duk takun da anka sa ta ta yi tun ranar ƙara ɓarna ne. Ta ce ba za ta rubuta abin da ba ta sani ba a takardar yaro.

Ta sunkuya ta shafa kan yarinyar.

"Zinatu, wace rana nan wurin ya fara ciwo? Me ya faru ranar?"

Sahura ba ta san ranar ba. Tana wurin niƙa.

Ni na san ranar, don a hannuna abin ya faru, wurin horo.

Zinatu ta cire hannu daga baki. Ba ta kalli likita ba, ba ta kalli uwarta ba. Ta juyo da kai bisa bencin ta neme ni, ina tsaye da riga ɗaure a ƙugu, ƙafafu fari fat da hoda.

"Tsoho, in faɗa?"